Firigon Malam Hamidu

Ina cikin aji a Yamai aka kira ni daga Gaya cewa Malam Hamidu ya cika bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya koyar da ni a jami'a, shi ya fara riƙe mini hannu a ɗakin bincike.

Abu ɗaya ya bi duk rayuwarsa. A cikin ƙwayar halitta akwai wani sinadari, anzim, da ke liƙa wa furotin ƴar jelar kitse don ya manne a bangon ƙwayar ya kama aiki. Furotin ɗin da ke haukata ƙwayoyin ciwon daji ma sai da wannan jela yake ɓarna. Malam yana neman abin da zai tare anzim ɗin ne. Yakan ce mana, "Ba kashe shi za mu yi ba, hannu kawai za mu riƙe masa."

Da ya yi ritaya ya koma gida da firigo mai aiki da hasken rana, cike da ƙananan kwalabe: anzim da ya tace da hannunsa, da ruwan saiwoyin da ya tono a Tanda yana gwadawa. Da sojoji suka hau mulki aka rufe gadar kan iyaka, da tsufansa ya haye kogi a kwalekwale, ya ɗauko kayan gwajinsa da suka maƙale a Benin, rungume da kular ƙanƙara. Manyan gari kuwa dariya suke yi masa, wai likitan da ko allura bai iya ba. In na fusata sai ya ce, "Bar su, ɗiyata. Kwalaben dai kada su ji ɗumi."

Ran sadakar uku ga su nan, manyan riguna da masu kaki, suna rige-rigen kiransa gwarzon ƙasa. Ko ɗayansu bai taɓa tambayarsa me yake nema ba. Da rana ta take, wani a cikinsu ya ce kunya ce a ba manyan baƙi ruwa mai ɗumi. Aka kwashe kwalaben aka jera a kan katanga, aka cika firigon da ruwan leda.

Da la'asar na iso na tarar da abin da ke cikin kwalaben ya narke, ya yi zafi kamar shayi. Matarsa, Inna Hadiza, ta riƙe ni tana kuka. "Ɗiyata, na ce musu kayan Malam ne. Suka ce ai mai kayan ya tafi."

Wani mai babbar riga ya miƙo mini ruwa, sanyi ƙalau. Ban karɓa ba, kuma har yau raina su nake yi.

Ya Allah, Ka ji ƙan Malam Hamidu, Ka yafe kurakuransa, Ka ba Inna Hadiza da ƴaƴansa haƙuri da mai tallafa musu. Ka sanyaya masa makwanci, shi da ya ƙare ransa yana tsaron sanyi. Amin.