Na Huɗun da Ban Kai wa Inna Ba

A shekarar da likita ya hana Inna zama kusa da hayaƙi na fara saya mata littafi. Tun ina ƙarama bandar kifi ce sana'arta a Wara. Masunta na fitowa daga ruwa za ta tare su a bakin tafki, ta zaɓi tarwaɗa da ragon ruwa, ta yini gaban wuta. Da tari ya ƙi barinta, yayana ya kawo ta asibiti a Yelwa, inda nake koyarwa a firamare. Likita ya ce ƙirjinta ya gaji. Magani zai yi aiki, amma sai ta bar banda. Ta koma gida ta zauna tana kallon kaji. Rediyon ma ta daina kunnawa tun da aka sace ɗaliban makarantar kwana a Birnin Yauri.

Inna ta iya karatun boko. Ajin yaƙi da jahilci ta shiga bayan ta yaye ni, kuma har yau yatsa take ɗorawa a kan layi, leɓenta na motsi. Sai na yi tunanin in samo mata labari mai sauƙi, irin wanda ake bin sawun ɓarawo ana dariya.

Akwai wani mai sayar da littattafai a kasuwar Yelwa, teburinsa na tsakanin masu robobi da masu takalma. Na faɗa masa abin da nake so: ba jini, ba bindiga, ba satar mutane, ba soyayya.

"Malama, kamar kin san jiya suka iso," in ji shi, tun kafin in rufe baki.

Saurin nan nasa bai kwanta mini ba. Ya jawo wasu ƙananan littattafai biyar ɗaure da roba, labari guda kashi-kashi. Gefensu ya yi ja, bangon na biyu kuma an liƙe shi da gam. Waɗannan ba jiya suka iso ba. Ya ce labarin wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, wadda abu ba ya ɓacewa a ƙauyensu ba ta gano wanda ya ɗauka ba.

"Kai ka karanta su?"

"Tas. Yaron goye ma zai iya saurare."

Na nemi benci na zauna, na fara buɗe kowanne daga baya. Ransa bai so ba. Ya ce irin wannan labarin ba a fara shi daga ƙarshe, zan ɓata wa kaina daɗinsa. Na ce ba ni zan karanta ba. Na ɗaya ragon liman ne ya ɓace. Na biyu an musanya kwanukan amarya. Na uku wani ne ke ɗebe wa mutane albasa a lambu yana bar musu tumatir a madadi. Na yi dariya ni kaɗai. Da na buɗe na huɗu sai na ga an tsamo gawar mai shayi, aminin tsohuwar, daga rijiya. Na juya masa shafin.

Ya sosa ƙeya ya ce wallahi ya manta da wannan wurin. Ban yarda ya manta ba. Na duba na biyar da kyau, na ga ɓatan akuya ne kawai, na ɗauki huɗu na bar masa na huɗun.

Ranar Asabar na shiga motar Wara. Na sami Inna a ƙarƙashin rumfa tana tsince wake. Na ajiye ledar a gabanta. Ta buɗe, ta juya littattafan, sannan ta dube ni.

"Auta, mi ya faru?"

"Ba komai, Inna. Tsaraba ce."

"Atamfa na sani, goro na sani, man zafi na sani. Wanga sabon abu ne. Yayanki ya sa ki?"

Na ce ba wanda ya sa ni. Ta ce to, ta tura ledar ƙarƙashin tabarma kamar abin da ba ta gama yarda da shi ba. Har na koma Yelwa ban ga ta taɓa su ba.

Matar yayana ce ta riƙa ba ni labari ta waya. Ta ce Inna ta fara karantawa, har tana kiran 'yan gidan ta karanta musu wurin da aka sami ragon liman a ɗakin surukarsa. Daga baya ta ce Inna ta yi wani iri. Ta daina dariya, tana bin kowa da ido. In ta ga hanta a miya sai ta tambayi dalili. In yayana ya fita waje amsa waya sai ta tambayi da wa yake magana. Ta sa an kawo mata kwalayen maganinta tana karanta abin da aka rubuta a jiki, duk da Turanci ne. Na ɗauka labarin tsohuwar ne ya shige ta.

Da aka ba mu hutu na je. Hantsi ne, gidan ba kowa sai ita. Ko gyalena ban cire ba ta ce in zauna. Ta jera littattafan a kan tabarma, ta bar fili tsakanin na uku da na biyar.

"Ina mai shayi?"

Ta ɗora yatsa a kan na uku.

"A na uku lafiyarshi lau, har yana rigima kan sukari. A na biyar wani yaro ke zaune a teburinshi, tsohuwa kuma in ta wuce sai ta ce Allah ya jiƙan maza. Mutuwa ya yi. Kin sani, kika cire."

Na ce haka ne, da gangan na bar shi, ban so ta karanta abin da zai tayar mata da hankali.

 Ta ce shekarar da jirgi ya kife da 'yan cin kasuwa, ita ce ta wanke matan da aka tsamo, ita da wata maƙwabciyarta, kuma ta ci tuwo a ranar. Ta ce ba mutuwar cikin takarda ce damuwarta ba.

"Yayanki ya hana ni ɗaukar ko buta. Matarshi na ba ni hanta kamar mai jego. Ke kin kawo abin da ba ki taɓa kawowa ba, kin zare wurin da aka mutu. Ki faɗa mini gaskiya, mi likita ya ce muku da kuka fita baranda?"

Sai a lokacin na gane abin da ta yi makonni tana ɗauke da shi. Ranar asibiti mun fita baranda ni da yayana, amma shawarar wanda zai kwana da ita muka yi. Na faɗa mata haka. Na rantse. Ta ce ita ma da ita ce haka za ta rantse.

Ba yadda na iya, washegari muka ɗauko ta zuwa Yelwa. Da layi ya zo kanmu ta ce mu tsaya a waje, ita kaɗai za ta shiga. Muka zauna a benci muna jiyo muryarta sama-sama, ita ke tambaya likita na amsawa. Ta jima sosai, har masu jira suka fara gunaguni. Da ta fito muka taka har bakin titi, sannan ta juyo gare mu.

"Likitan yaro ne," ta ce, "amma idonshi bai kauce ba. Ya ce in na kiyaye hayaƙi zan ga auren jikoki."

Daga nan ta ce a bi da ita kasuwa. Da kanta ta karɓi na huɗun, ta ƙirga shafukan ta ga ba wanda aka yage. Tun a mota ta shaida mana cewa matar liman ce ta jefa mai shayi a rijiya, ta lura da take-takenta tun a na ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki ta sa aka kira ni a waya. Ashe wani baƙon mai sayen fata ne ya kashe mai shayi, wanda bai bayyana ba sai dab da ƙarshe. Ranta ya ɓaci. Ta ce marubucin bai yi adalci ba, ba a kawo mutum daga sama a ce shi ne. Ta ce ko ma dai mene ne, ita har yanzu ba ta wanke matar liman ba, in duba mata ko akwai na shida.