Vuyokazi da Muryar da Ke Riƙe da Agogo

Ƙarfe shida na safe, kafin motocin haya su fara hayaniya a titunan Komani, Vuyokazi Ntshinga, wadda ake kira Sisi, wato Yaya, ta riga ta dafa shayinta na rooibos, ta duba takardar da ke manne a ƙofar firji ta ga ƙarfe nawa za a ɗauke wuta yau. Daga nan sai ɗakin baya, inda kwamfutarta ke zaune kan tsohon teburin ɗinki. Ta rage ƙarar lasifika, ta buga kalmar sirri, ta shiga wata na'ura da ke can Johannesburg, tafiyar awa tara a mota, na'urar da ba ta taɓa gani da idonta ba. Tana shiga sai muryar namiji ta cika ɗakin. Yana rera waƙar coci ta hanci, ya yi tari sau biyu, cokali ya bugi kofi, ya ce, “To, ya ɗauka.” Daƙiƙa arba'in ce, ta ƙare ta sake daga farko.

“Ina kwana, Bhuti,” in ji ta, yadda ake kiran namiji don girmamawa a garin, ta ci gaba da aikinta.

Mai muryar nan, Lwandile, ya shekara bakwai a kabari.

Haka safiyar matar nan take har watan jiya da ta ajiye aiki, kuma a kanta nake wannan rubutu. Ni malamin makaranta ne a garin nan, gemuna ya fara fari, amma kada a yi mini dariya, har gobe ina wasan harbe-harbe a kwamfuta. Na'urar Johannesburg ita ce filinmu, sabar da ke tara mu daga Polokwane, Durban, har Maseru. Lwandile ne ya kafa ta, shi da Vuyokazi suna da shagon intanet tare. Ranar da ya je Johannesburg sayen kaya mota ta buge shi, aikin kula da sabar ya faɗo hannunta, ba wanda ya tambaye ta ko tana so.

Kwana uku bayan jana'iza ta shiga na'urar karon farko. Ba ta san da wata murya ba. Ta ce mini da ta ji tarin nan, kofin da ke hannunta bai kai tebur ba. Nan take ta danna ta dakatar da sautin. Allah ya taimake mu dakatarwa ta yi, ba rufewa ba.

Ina cikin wasa a lokacin, Asabar ce da hantsi, kuma abin da na gani har yanzu ban manta da shi ba. Mutane suka riƙa zamewa ba tare da ɗaga ƙafa ba. Ka harbi mutum ya tsaya ƙyam yana kallonka, sai ka tsinci kanka a ƙasa shi kuma yana bayanka. Wani ya shige cikin bango rabin jikinsa a waje. A gefen allo akwai lambar da muka saba gani tana nuna dubu, ba mu taɓa damuwa da ma'anarta ba. Ran nan ta faɗo sittin da huɗu ta kafe.

Tebogo, direban motar haya ɗan Soweto, wanda bakinsa ya fi harbinsa, shi ya fara kiranta a waya.

“Sisi, me kika taɓa? Filin nan ya koma maƙabarta!”

Ta gaya masa gaskiya. Sai ya ce, “Ke ma dai! Mutum bai yi sati a ƙasa ba kin toshe masa baki? Mayar masa da waƙarsa, in akuya yake so mu haɗa mu yanka.”

Ta danna, muryar ta ci gaba, lamba ta koma dubu. Tun daga ranar ba mai gaya wa 'yan wasa cewa ba Lwandile ne ke riƙe da filin ba.

Amma Vuyokazi ba mai karɓar magana a duhu ba ce. Wata guda ta yi da littafi da biro tana gwaji, sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar ni ne ɗalibin. Ashe na'ura tana da agogo a cikinta da ke tashinta ta duba abin da ke faruwa. In an bar ta yadda ta zo, sau sittin da huɗu take farkawa a daƙiƙa ɗaya, tsakani kuwa gyangyaɗi take. Wannan ya ishi aikin ofis, amma wasa bai yarda ba, harsashi ba ya jiran mai barci. Sai dai in wata manhaja guda ta nemi agogon ya yi sauri, duk na'urar ce za ta bi, ta koma farkawa sau dubu. Manhajar kunna sauti tana cikin masu nema. Dabarar Lwandile ke nan: ya ɗauki muryarsa da wasa, ya bar ta tana zagayawa don agogo ya zauna a farke.

“Shi ke nan?” na ce. “Ba fatalwa?”

“Lissafi ne, Malam. Kai da kake koyar da shi.”

Na kai wa sauran wannan bayani, ba wanda ya yi murna da shi. Tebogo cewa ya yi, “Lissafin ne ke tari?”

Ga inda aikin ya yi nauyi. Na'urar da ke farkawa sau dubu ƙwaƙwalwarta ba ta hutawa, tamu kuwa tsohuwa ce. Ita kanta shigar Vuyokazi daga nesa kaya ce, domin sai na'urar ta zana allo ta aiko mata, ta haɗo da sautin. In ta daɗe a ciki, mu da ke wasa muna ji a jikinmu. Don haka ta koya wa kanta shiga da fita cikin minti ɗaya da rabi, kamar mai leƙa ɗakin mara lafiya. Kafin ta shiga ta rubuta abin da za ta yi a takarda, ta yi shi, ta fice. Fitar ma iri biyu ce. Akwai wadda kake janyo ƙofa ka bar komai yana aiki, akwai wadda ke tashin zaman gaba ɗaya ta rufe duk abin da ke buɗe. Maɓallan biyu suna kusa da juna. Ga shi kuma ma'aikatan ɗakin na'urorin can Johannesburg sun zare ɗan abin ajiyar da asalin sautin ke ciki tun da daɗewa, manhajar a ka kawai take riƙe da shi. Danna ɗaya a kuskure, zaman da Lwandile ya buɗe da hannunsa ya tashi har abada. Shekara bakwai, kullum, yatsanta bai taɓa zamewa ba.

Ke ce, Sisi, mai shiga ba a ji motsi ba, mai fita ba a ga sawu ba. Mu kuwa da me muka saka miki? A shekara ta uku kika rage gurbin 'yan wasa daga talatin da biyu zuwa ashirin da huɗu, muka yi miki ca. Aka sa miki suna Mai Rowar Kujera. Ni da kaina na rubuta cewa mace ba ta san zafin jiran layi ba. Ina jin kunyar wannan magana har yau, kuma a gaban jama'a nake neman gafara.

Dalilin ban gano shi ba sai wata Lahadi da na je mayar mata da caja. Na tarar da wata tsohuwa cikin kayan coci, jar riga da farar hula, zaune a gaban teburin ɗinki, ido a rufe, muryar na zagayawa. Mama Nokwakha ce, mahaifiyar Lwandile. Ashe duk Lahadi bayan coci sai ta zo, a buɗe mata minti biyu. Da aka rufe ta miƙe ta gyara zane ta ce, “Tarin nan dai bai bar shi ba.” Ta yi mana sallama ta tafi.

Na ce wa Vuyokazi, “Ki ɗaukar mata a waya mana, ta huta da tafiya.”

“Na ɗauka tun shekarar farko. Ta saurara sau ɗaya ta miƙo mini. Ta ce, ‘Ɗiyata, wannan hoto ne. Wancan kuwa yana wurin aikinsa.’”

Sannan ta nuna mini wata 'yar manhaja da ta rubuta da kanta, layi goma sha biyu, wadda za ta riƙe agogon a dubu ba murya ba nauyi. Tun shekara ta biyu take da ita. Da ta sa ta, da kujerunmu takwas suna nan, da zagi bai same ta ba. Ta zaɓi ta bar wa tsohuwa ɗanta, ta rage mu, ta yi shiru.

A bana masu ɗakin na'urori suka aiko cewa ƙarshen wata za su kwashe tsofaffin na'urori, tamu na ciki. Vuyokazi ta yi sati tana juya yadda za ta faɗa wa Mama. Da ta faɗa, tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Da ma laifinmu ne. Gawarsa muka ɗauko, shi ba mu je mun ɗauko shi ba.” Kowa a nan ya san wanda ya mutu nesa da gida, ana zuwa masa da reshen magaryar kura a kira ruhinsa ya biyo gida. A ruɗin wancan lokaci ba a yi ba.

Tebogo ne ya zo da motarsa tun daga Soweto ya kai su Johannesburg, ita da Mama. Ran nan ne Vuyokazi ta fara ganin na'urar, baƙin akwati mai ƙura a layi na ƙasa, cikin ɗaki mai sanyi kamar firjin mahauta. Mu kuma, mu ashirin da huɗu, muka shiga filin da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ba wanda ya harba. Muka jeru a tsakar fili muna kallon lambar. Tebogo ya bar wayarsa a buɗe, muna jin komai.

Mama ta ɗora reshen a kan akwatin, ta kira shi da sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Lwandile, ni ce. An tashi aiki. Taso mu tafi gida.”

Muka ji Vuyokazi ta ja numfashi ta ce, “Na danna.” Muryar ta yanke a tsakiyar waƙa.

Bisa lissafinta, a take lambar za ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Dubu ta tsaya, ba murya, ba manhaja, ba abin da ke riƙe da ita. Na dubi agogon hannuna don halin malami, ina ƙirgawa. Daƙiƙa arba'in cif, sannan ta sauka sittin da huɗu, sannan allon ya yi baƙi.

Da suka dawo na tambaye ta. Matar da ke da amsar komai ta dube ni ta ce, “Wataƙila jinkirin rufewa ne.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ban sani ba, Malam.”

A hanyar dawowa reshen ne a kujerar gaba, an ɗaura masa bel. Duk gadar da za su haye sai Mama ta ce, “Ga kogi, ɗana, muna hayewa.” Tebogo ya tuƙa awa tara bai kunna rediyo ba.

Sabuwar sabar tana aiki da layuka goma sha biyun nan, kujera arba'in, lamba a dubu, shiru kamar ba kowa. Vuyokazi ta miƙa kalmar sirri ga wasu mutum biyu ta koma shagonta. Ta bar musu takarda guda: ku rubuta kafin ku shiga, kada ku daɗe, ku duba maɓalli kafin ku danna, kuma duk abin da kuka tarar yana aiki ba ku san dalili ba, ku tambayi wanda yake wa amfani kafin ku kashe.

Mun gode, Sisi Vuyokazi, mu da muka ci moriyarki muna zaginki. Duk mai riƙe da mabuɗin abin jama'a, ko sabar ce ko famfon unguwa, ya kwafi takardar nan ya manna a inda zai gani.

Lahadin da ta wuce na bi ta gidan Vuyokazi bayan coci. Mama Nokwakha na nan a kujerarta, kwamfuta a rufe, su biyu suna shan shayi da ƙosan fulawa. Na ce, “Mama, ai yanzu ba abin saurare.”

“Shi yana gida,” in ji ta. “Wadda ta riƙe mini shi na zo gani.”