Muryar Rifkatu a Kasuwar Sabon Gari

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanwata Rifkatu. Na ɗauka na gama jin duk abin da zan ji daga gare ta a duniya, sai daminar da ta wuce ta nuna mini ba haka ba ne.

Aikin jarida take karanta a jami'a, a Samaru, tana zuwa daga gidanmu a Palladan. Da lokacin koyon aiki ya yi, ta so a tura ta gidan jarida, amma aka tura ta ofishin hulɗa da jama'a na wani kamfanin sabulu a Chikaji. Ranar farko da fushi ta dawo. "Yaya, ni da aka koya wa tono gaskiya, an kai ni inda ake shafa mata mai," in ji ta. Ba a jima ba kuwa ta saki jiki. Ta koyi lallashin 'yan kasuwa idan kaya suka makara, ta koyi bai wa mutanen unguwa haƙuri kan ruwan da ke gangarowa daga masana'anta, kuma ba ta daina damun shugabanninta ba har aka gyara magudanar. Wata rana shugabar ofishin ta ji ta tana amsa waya, ta ce wannan muryar ta talla ce. Aka naɗi muryarta tana karanta tallace-tallace da gaishe-gaishe iri-iri.

Rifkatu da ciwon sikila aka haife ta. Idan tana magana, takan tsaya a tsakiyar jimla ta ja numfashi, sannan ta ƙarasa. Ciwon ne ya tafi da ita kafin jarrabawar ƙarshe.

To, ran nan da rana tsaka ina sayen kifi a kasuwar Sabon Gari, sai na ji an ce, "Barkanku da kasuwa, iyayenmu mata." Ledar hannuna ta faɗi. Wata motar talla ce mai lasifika ke ratsa jama'a a hankali. Na ce a raina tsohon naɗi ne. Sai muryar ta ambaci wani sabon sabulu da bai fi shekara da fitowa ba. Na bi motar a ƙafa har bakin titi ina saurare. Muryar tata ce, ba ko tantama, amma tun daga farkon tallar har ƙarshe ba ta ja numfashi ko sau ɗaya ba.

Na je kamfanin, na faɗi sunana a ofishin da ta yi aiki. Tsohuwar shugabar ta yi ritaya. Jami'in da ya gaje ta bai ma san akwai wata Rifkatu ba. Ya ce sun tarar da naɗin ne a kwamfuta, suka bai wa wata manhaja ta koyi muryar. Yanzu duk abin da aka rubuta, sai ta faɗa. Kafin in bayyana masa ko ni wace ce a wurinta, ya juya yana murmushi ya danna wasu haruffa a kwamfutar.

"Sannu da zuwa, Saratu," in ji Rifkatu.

Tun da ta iya magana ba ta taɓa kiran sunana ba. Yaya take ce mini. Da na gaya wa mutumin, ya miƙe tsaye ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ba ni haƙuri, ya ce idan iyali suka ce a daina, a ranar za a goge.

Nakan tambayi kaina abin da ita za ta ce da wannan zamani. Na san dariya za ta fara yi. Daga nan sai ta tambaya wa ya ba da izini, ta bi maganar har ƙarshe. Abin da na fi tunawa da ita ke nan: ba ta barin magana a rufe, ko da wanda ke ba ta aiki ne ya rufe ta. Na'urar ta ɗauki muryar, amma ba za ta taɓa musa wa kowa ba.

Da shawarar a goge muryar na koma gida, na zauna zan fara yi wa Mama bayani a hankali. Ashe ta riga ni sani da daɗewa. Motar tana bi ta layinmu da la'asar, lokacin da yawanci ba na gida, kuma shi ya sa ta mayar da kujerarta ƙofar gida.

"Mama, ba fa ita ba ce," na ce.

"Na sani. Ni na haife ta," in ji ta. "Amma sau ɗaya na binne ta, Saratu. Kada ki sa in ƙara."

Har yau ban koma kamfanin ba. Jiya ma motar ta wuce ina tsakar gida ina shanya. Na ji muryar tana gaishe da iyaye mata, na kuma ji Mama a waje ta amsa a hankali, "Lafiya lau, 'yata. Ya jikin?"