Gaisuwar Tsaye

A Nasarawan Doya kowa ya san Zulkifilu mai dakon rake. A zamanin ƙarfinsa, damin da ƙarti biyu za su tsaya suna shawara a kansa, shi kaɗai yake sungumarsa ya cilla cikin mota, yana yi musu tsiya. To, jiki magayi. Bayansa ya fara da ɗan tsami, ciwon ya gangara har tafin ƙafa, daga ƙarshe aka kwantar da shi asibiti a Zariya, aka yi masa aiki a ƙashin baya aka ɗaure da ƙarfe. Ya tashi ya taka, alhamdulillahi, amma ciwon ya ce zama daram.

Ya haɗiye abubuwa da yawa. Ya bar dako ya koma sayar da mazarƙwaila a kan dogon tebur. Salla a kujera yake yi, can ƙarshen sahu. In hularsa ta faɗi, sai ya jira mai wucewa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: ba ya iya tsugunawa.

Ga kuma Baffa Ja'afar a Kudan, ƙanen mahaifinsa da ya riƙe shi tun yana maraya, wanda yanzu tsufa ya cinye idanunsa. Tun da Zulkifilu ya yi wayo bai taɓa yi wa tsohon nan magana a tsaye ba, kuma bai ga ta inda zai fara ba. Sai ya ɗauke ƙafa, ya koma aika gaisuwa da ƙullin mazarƙwaila. Mutane kuwa ba a rasa su da abin faɗa: wai tun da aka sa masa ƙarfe wuyansa ya yi kauri. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai.

Wata rana matarsa Adama ta ce, "Malam, zumunta fa a ƙafa take. Tsohon nan yau ne ko gobe ne. So kake sai gaisuwar mutuwa ta kai ka?"

Ya tafi. Ya tarar da Baffa a zaure, zaune kan buzu. Ya tuɓe takalma, ya ce bari dai ya gwada, sai ciwon ya soke shi har ya dafa bango. Ya haƙura.

"Baffa, barkanku da hantsi."

Tsohon ya karkata kunne. "Zulkifilu? Yau kuma daga sama nake jin muryarka."

"Bayan ne, Baffa, ba ya lanƙwasuwa. Kunyar tsayawa a kanku ce ta hana ni zuwa."

Baffa ya ce, "Abin da ya raba ni da ɗana ke nan? Ni ina nan ina ta laluben laifin da na yi maka."

Ya lalubo sandarsa, ya dogara, ya miƙe da ƙyar. Ya miƙa hannu yana shafa iska har ya sami kafaɗar Zulkifilu, ya riƙe gam.

"To, ga ni na taso. Gaishe ni, sakarai."

Zulkifilu ya gaishe shi tun daga farko, ya tambayi gajiya, da iyali, da jiki, hawaye na zuba cikin gemunsa. Tsohon yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, bai yarda ya zauna ba sai da aka gama.