Kawu Sale da Jiƙon Bagaruwa

Kun dai san Kawu Sale ba ya fita sai da ƙusa mai tsatsa a aljihu. Ya tsufa yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen sakandare, abu ɗaya ya fito da shi: tanin, sinadarin nan mai sa bauri a baki. Wai in ya gamu da ƙarfe, ruwa baƙi yake yi. Shi ke nan, kowa ya shiga uku!

A wata walima a Gwarzo aka miƙo masa shayi, ya tsoma ƙusa.

"Malam, sha aka ce!"

"Sai na san wa ke ciki tukuna."

Ni 'yar ƙanwarsa na fi kowa shan wuyarsa. Ina da cikin fari a Gude, asibiti suka ce jinina ya yi ƙasa, in bai hau ba haihuwar da haɗari. Suka ba ni ƙwayar ƙarin jini. Inna, uwar mijina, kullum sai ta jiƙa min 'ya'yan bagaruwa saboda basir, da jiƙon nake kora ƙwayar. Wata guda, jini ko motsi.

Da ya ji labari, Kawu ya tako kekensa daga Kabo, ya shinshina kofina, ya daka ƙwaya ɗaya ya zuba. Ruwa ya koma tawada!

"Inna, ga jinin surukarki nan. Ƙarfe ne a ƙwayar, bagaruwa ta cafke shi."

"Kakata ta sha bagaruwa, ta haifi goma sha ɗaya!"

"Kakar taki ta sha ƙwaya?"

Amma Inna ba ta saduda ba. Ta ɓoye bagaruwarta a buhun gero. Kawu ya mai da gidan surukaina ofis, kullum bayan Azahar yana nan yana bincike. Ranar da ya gano ta, ya ɗaure a keke sai gidan majemi.

"Fata ake jima da ita, ni kuwa 'yata ba akuya ba ce."

Wallahi kunya kamar in nutse, har kuka na yi don haushinsa.

Jini ya hau, na sauka lafiya. Kawu bai zo suna ba, ashe ciwo ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. A zaman makoki Inna ta fi kowa kuka. Ta ɗaga jaririyata ta ce, "Mutumin nan ya kayar da ni, na kuma gode Allah da ya kayar da ni."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan Aljanna. Amin.