Ƙahon da Bai Ƙosa Ba

Kawuna Ari ne ya lalata mini hannun hagu, kuma sai da aka gargaɗe shi. Ko famfara ban gama ba ya naɗe mini shi da zare ya tura ni filin dambe. Yau furfura ta kama ni, yatsuna uku ba sa miƙewa, hauya ma sai dai in tallabe ta. Ni bahago ne, da hannun nan aka halicce ni in yi komai. A lakwal, wato makarantar boko, aji uku na yi, mushe, malaminmu, ya gaji da rubutun hannun damana ya sallame ni.

Abin ya faru a Gure, zamanin da nasara ke kwasar maza aikin dole. An tafi da babana gyaran hanya, muka koma gidan Iya Falmata, kakata ta wajen uwa. Gidan mahauta ne, dambe gadonsu. In aka ci tuwo lokacin sanyi, Iya takan hura wuta da kirare a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta, ta raba mana dabinon kwari. Hausarta da Barbarci a gauraye suke, in ranta ya ɓaci Barbarcin ne ke rinjaye. Tana da wata ɗabi'a: kafin ta fara tatsuniya sai ta kama wuyan hannun kowane yaro ta latsa, kamar mai duba duma a gona. Ta saki ta ce, "Ɗanye." Mu yi ta dariya.

Ita so take in shiga kokawa da sa'o'ina a kan tudun rairayi. Kawu ya ce sam. "Bahago a gidan mahauta, Iya? Allah ne ya aiko mana. Bana zan ɗaure masa hannu."

Ranar da ya faɗi haka, ya zo ya tsuguna gefen wutar yana wasa wuƙarsa. Iya ba ta dube shi ba. Ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Muka ce, "Mu ne, ta zo!"

Ta ce wai tunkiya ce ta haifi ɗa namiji tilo. Dabbobi suka taru a kan wane faɗa za a koya masa. Jaki ya ce shuri, kare ya ce cizo. Tsohon raƙumi ya shinshina kan ɗan, ya ce, "Ku bar shi ya yi ta turereniya da 'yan'uwansa a rairayi. Ya san yadda ake faɗuwa a tashi. Karo yana nan yana jiransa." Amma rago, wan tunkiyar, ya ce su gidan karo ne, ba za a mai da masa ɗa abin birgima ba. Ya ja shi gaban wani ɗan bunsuru. Karo ɗaya, ƙahon da ya fara tsirowa ya lanƙwashe. Bai karye ba, haka ya ci gaba da girma, sai dai maimakon ya fuskanci abokin gaba, ya juyo yana neman idon mai shi. Kowace shekara sai an yanke bakinsa.

"Rago fa, Iya?" in ji ƙanwata.

"Rago yana nan da ƙahonsa lafiya lau," ta ce. "Ai ba kansa aka kara ba. Ta ƙare, ku tashi."

Kawu ya kece da dariya. "Iya, da ni kike. To ni ba rago ba ne."

"Na sani. Rago ba ya jin Hausa, yana da uzuri."

Da kaka ta yi aka gama girbi, masu kalangu suka zo daga Gidigir. Kawu ya jira Iya ta tafi lambu, ya naɗe mini hannu tam, ya ce wannan shi ne mashi, na dama garkuwa. Ni kuwa murna nake, yaro ne ni. Aka haɗa ni da wani da ya girme ni. Na kai naushi da iya ƙarfina, ya sunkuya, hannuna ya sauka a tsakiyar kansa. Na ji ƙas. Mai ɗori ya yi abin da zai iya, Iya na riƙe da ni tana zazzaga Barbarci. Daga ranar, in Kawu ya zauna gefen wuta, ba ta buɗe baki da tatsuniya sai ya tashi. Har ta rasu.

Na daɗe ina zaton Iya tsoron faɗa take. Sai da na girma na tuna ita ce ke guɗa in ɗan gidan ya kayar da wani a dambe. Ba ta ƙi dambe ba, jerin ne ta sani. Ƙaramin yaro kokawa ce tasa: ya riƙe, a riƙe shi, ya sha ƙasa, ya kakkaɓe rairayi ya tashi ba abin da ya fashe. In ƙashi ya ƙosa, yana so, ga zare nan. Wanda ke gaggawar ɗaure wa yaro hannu kuwa, sunan kansa yake so makaɗa su kira.

Ɗana Musa bahago ne shi ma. Makon jiya na dawo na tarar da Kawu, ya tsufa yana dogara sanda, ya zaunar da yaron a zaure yana auna masa zare.

"Gado ya dawo gida," ya ce da ni. "Wannan zai rama maka."

Na janye yaron, na latsa wuyan hannunsa yadda Iya ke yi. Sannan na ɗaga nawa na kai shi gaban idon tsohon, na ce, "Kawu, duba da kyau, aikinka ne. Shekara da shekaru ina gaishe ka da shi ba ka taɓa cewa sannu ba. Musa ɗanye ne, gobe tudun rairayi za shi. Ka ci hannu ɗaya a gidan nan, ba za ka ci na biyu ba. Ɗauki zarenka."