Tayar da Sodangi Ya Rataya a Ƙofa

Ƙanena Sodangi ya tuƙa Landiroba tsakanin Bodinga, Shagari da ƙauyukan bayansu, kuma har yau in an tashi yabonsa sai a ce mutum ne mai kunya. Ni wannan yabon haushi yake ba ni. Sunana Tani, ni ce yayarsa. Masa, wato waina, nake toyawa a bakin tashar Bodinga tun kafin ya san yadda ake riƙe sitiyari, don haka a gabana aka yi komai, kuma na san abin da kunyar ta ci masa.

A Mandera aka haife mu. Da jaki Sodangi ya fara, yana kai albasar mutane kasuwa, daga nan ya bi wata babbar mota har hannunsa ya faɗa. Shekarar da farar hula suka karɓi mulki aka yi gwanjon tsofaffin motocin wani ofishin gona a Sakkwato. Sodangi ya sayar da shanun da ya gada da rabin gonarsa ta fadama, ni ma na ba shi karsanata, ya dawo da Landiroba mai ruwan toka, hayaƙi na bin ta a baya. Duk abin da gidanmu ya mallaka yana kan ƙafafun nan huɗu. Da rani ta ɗauki albasa da gero, da damina kuwa, in hanya ta jiƙe ƙananan motoci suka ja da baya, ita kaɗai ke shiga ƙauye ta fito da mara lafiya.

Tana da taya ta biyar, wato safaya, sabuwa fil, wadda ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. A cikin motar take kwance, a baya, an rufe ta da buhunan wofi. Babu wanda ya san da ita sai mai ita da wanda ya zauna a kai.

Wata rana ya ɗauko wani tsoho daga Kajiji zuwa asibiti, ba ya iya zama, ba kuma wurin miƙewa, aka kwantar da shi bayansa bisa ƙarfen tayar. Tsohon ya yi ta nishi har Sakkwato. Sodangi ya dawo ransa a jagule, bai ko tsaya cin masa ba ya wuce rumfar Sama'ila mai walda, wadda ke kallon tandata.

Sun wuni a kan ƙofar bayan motar, don so yake a rataya tayar a jikinta. Sama'ila ya ce ƙofar ba za ta ɗauki nauyin ba, da an sha gargada za ta saki baki, sai an ƙarfafa ta. Suka cire ta suka kwantar a ƙasa. Aka liƙa mata faffaɗan ƙarfe ta ciki, wani ta waje, aka huda, aka zura manyan kusoshi uku masu zare suka leƙo waje daidai ramukan wilin. Aka ƙara wa ƙofar maɗauri na uku a tsakiya don kada ta rinjaya. Da suka mayar da ita, su biyu suka ɗaga tayar suka zura a kusoshin, Sodangi ya ɗaure notuna da sifana har jijiyar wuyansa ta fito. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Sannan ya sayo shuɗin fenti ya zagaye gefen tayar da zobe, wai don ado. Aiki ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Cikin mota ya buɗe, mutum na iya kwanciya ya miƙe ƙafa.

Na tsaya na dubi tayar nan tana ƙyalli a bayan mota, na ce masa, "Sodangi, ka hiddo ta inda kowa ka ganinta. Gobe wa za ka iya hanawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke dai ba ki son ganin abu mai kyawo."

Ba a daɗe ba zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, shinkafa sai mai hanya. Taya kuwa ta zama abin da ake labari. Direbobi suka koma faci bisa faci, wasu har ɗinki suke yi da waya. A duk tashar Bodinga babu sabuwar taya sai wadda ke rataye a ƙofar Sodangi, yana yawo da ita kasuwa kasuwa kamar mai talla. Abokan aikinsa sun ara, amma su da sauƙi: in sun yi jinkiri yakan tare su da wasa ya kwance abarsa.

Sai daminar zaɓe ta zo, ta kawo mana Alhaji Na'Allah.

Alhaji Na'Allah mahaifin Zulaihatu ne, matar Sodangi. Dillalin albasa ne a Shagari wanda ya shiga siyasa da ƙafa biyu, aka ba shi a-kori-kura da lasifika yana zaga ƙauyuka. To, ku san yadda surukuta take a wurinmu. Sodangi bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba. Ba ya ci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. In ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko a tsakiyar kasuwa ne. Kalmar a'a ba ta cikin abin da suruki ke ji daga bakin mijin 'yarsa. Alhaji ya san haka sarai, kuma da saninsa ya zo.

Ranar kasuwa ce. Ya tsaya a bayan Landiroba ya daddanna tayar da ɗan yatsa, Sodangi na durƙushe cikin taɓo, takalmansa a gefe.

"Sodangi, wagga taya taka sabuwa ta ko?"

"I, Baba."

"Tamu ta hwashe jiya. Ka ara muna ita kwana biyu, mu ƙare yawon ga na zaɓe."

"To, Baba."

Shi ke nan. Da hannunsa ya ɗauko sifana ya kwance notunan, da hannunsa ya gangara ta har gindin a-kori-kura. Ina zaune ina kallo, masa ta ƙone mini a tanda. Da tayar tana ƙarƙashin buhu da Alhaji bai gan ta ba, da ko ya tambaya a ce babu, a rabu lafiya. Amma abin da ido ya gani a bainar jama'a, ɗan mutunci ba ya musunsa.

Aka yi zaɓe aka gama, taya ba ta dawo ba. Kusoshi uku suka zauna tsirara a ƙofa. Sodangi ya ci gaba da shiga daji da ƙafa huɗu da suka riga suka suɗe, kullum in ya fita sai gabana ya yi ta faɗuwa. Na ce ya aika Zulaihatu. Ta je, baiwar Allah, ta dawo da kwaryar fura da gaisuwa, ta ce ta kasa buɗe baki.

Ni ba surukina ba ne. Na yafa gyale na hau mota zuwa Shagari, na same shi a zaure cikin 'yan korensa, ga tayar can a ƙafar motarsa, zoben fentin ya yi butu-butu da laka.

Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, batun tayar Sodangi na zo. Shina shiga daji ba safaya. In ta hwashe mai, gidanmu ya zamna."

Ya dube ni a natse ya ce, "Tani, shi ya aiko ki?"

Ku ji makirci. In na ce i, na tona wa ƙanena asiri, gobe a ce Sodangi ya aika a yi wa surukinsa tijara. Na ce, "A'a, ni nit taho da kaina."

"To, mai abu bai yi magana ba. Ɗana na. Ran da yab buƙata shi hwaɗa min da bakinai."

Ya san har duniya ta naɗe bakin nan ba zai faɗa ba. Na fito na kamo hanyar Bodinga. Da labari ya kai wa Sodangi, ni ya yi fushi da ita, ba Alhaji ba. Ya daina zama a bencina na wani lokaci, wai na zubar masa da mutunci.

Ƙarshen damina abin ya faru. Ya ɗauko fasinja da buhunan sabon gero a wata hanyar daji da ke ɓullewa Lambara, wani kututture da ruwa ya rufe ya tsarge tayar baya daga gefe, tsaga mai tsawon tafin hannu biyu. Irin wannan ba ta faci ba ce. Da safaya na nan, da kafin fasinja su gama salati ya canza ya wuce. Sai ya cusa ciyawa a cikin tayar ya lallaɓa da ita, kafin ya kai bakin Lambara wili ya lanƙwashe, taya ta zama tsumma. Ya ɗora motar a kan duwatsu ƙarƙashin wata tsamiya.

Ya shiga neman wata taya. Ya zaga Sakkwato lungu lungu, ya kai har bakin iyaka. Inda ya samu, ko ya sayar da sauran gonar ba za ta saya ba. Duk wannan neman, tayarsa na Shagari tana zaga gari da lasifika ana murnar cin zaɓe, kuma ya bi ta ƙofar gidan ya gaida Alhaji ya wuce. Alhaji har jaje ya yi masa, ya ce Allah ya sauwaƙe.

Mota in ta zauna, ci ake yi. Da hatsi ya ƙare ya cire batir ya sayar. Sai fitilu, sai sauran tayoyin, sai injin. Kafin sojoji su karɓi mulki a ƙarshen shekarar, abin da ya rage a ƙarƙashin tsamiya awaki ne ke kwana a ciki. Ƙofar baya kaɗai ya ƙi sayarwa. Ya ɗauko ta a jaki ya kafa a bakin rumfar albasarsa a Mandera, tana nan da kusoshinta. Ya koma inda ya fara, yana bin jaki a ƙasa. Marasa lafiyan ƙauyukan nan suka koma amalanke. Karsanata ban taɓa yi masa zancenta ba, kuma ba ita ke ƙona mini rai ba.

Da Sallah ta zagayo, siyasa ta watse, an karɓe a-kori-kura, Alhaji ya koma dillancinsa. Ina Mandera aka kawo kayan Sallah daga Shagari: turmin atamfa na Zulaihatu, goro, da wani ƙunshi na Sodangi. Ɗan aiken ya ce Alhaji ya ce tunda yanzu ƙasa yake tafiya, ga abin sawa. Aka kwance. Takalman taya ne, irin waɗanda ake yankawa a kasuwar Shagari. Na ɗaga ɗaya na juya. A jikin maɗaurin ga shuɗin fenti nan, ya kwanta a lanƙwashe yadda Sodangi ya ja shi da hannunsa.

Na miƙa wa Sodangi. Ya daɗe yana kallo. Ya gane, na ga ya gane.

Na ce, "Jefa su rijiya. In ba ka iyawa, ba ni in jefa."

Bai jefa ba. Washegari ya sa su ya taka har Shagari yin godiya. Zulaihatu da ta raka shi ta ce a ƙofar zaure ya tuɓe su ya jera, ya shiga ya durƙusa ya ce an ga saƙo, Allah ya ƙara girma.

Da yamma ya dawo ya same ni a tsakar gida, har lokacin ban huce ba. Ya zauna a bakin rumfa, ƙofar motar na bayansa, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana duba ƙasan takalmin, yana shafa zanen da yatsa.

Ya ce, "Yaya, taya ta mai kyawo. Tun daga Shagari ko ƙaya ba ta shige ni ba."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don ban so ya ga ina kuka ba.